Mutumin da Ke Miƙa Kunnen Hagu

A makarantar da Shabi ke aikin magatakarda a Kandi, idan an gama jarrabawa ana sake wa yara wurin zama: na ɗaya a bencin gaba, na ƙarshe can jikin bango.

Yau daga ƙofar ofis yana hango wani mutum tsaye a tagar aji biyu. Dogo ne mai furfura, rigarsa duk auduga ta manne, kamar daga gona ya taho. Malama na kiran suna, shi kuma yana karkata kai yana miƙa kunnen hagu. A cikin aji wata yarinya na karkata nata daidai irin haka.

"Baba, ko kai ma aji za mu sa ka?" in ji malama.

Yara suka fashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi a makare, don bai ji ba.

"Malama, ki bar 'yata Bake a gaba," ya ce da ƙarfi. "Kanta lafiya lau. Kunnen ne, irin nawa."

"Gaba ta masu ƙoƙari ce, Baba."

Shabi na jin a ransa mutumin ya taɓa zama can baya, yana kallon bakin malami na motsi, har ya daina zuwa ba wanda ya tambaya.

Aka kira Bake a ƙarshe. Ba ta motsa ba, sai da wata ta taɓa kafaɗarta ta nuna mata baya. Mutumin ya bi ginin ta waje a hankali, ya je tagar ƙarshe, ya tsaya daidai inda ta zauna.