Bugu na Bakwai

Duk wanda ya taɓa zama a Sabon Layi ya san Baba Vandi, ko bai san fuskarsa ba ya san hannunsa, domin shi ke buga ƙararrawar cocinmu. Na ce ƙararrawa ne don girmamawa. Gaskiyar magana tsohon wilin a-kori-kura ne, ƙarfen nan da ake ɗora taya a kai, an rataye shi a reshen dogon yaro. Faci ne sana'ar Vandi, kuma shi ya kawo wilin da kansa.

Ranar da aka ba shi aikin, Fasto Zacharia ya ce ya riƙa bugawa sau bakwai, daidai da kwanakin halitta. Vandi ya je gida ya yi tunani, ya ga ai a rana ta bakwai Ubangiji hutawa ya yi. Saboda haka sai ya buga shida, ya tsaya ya huta, sannan ya ƙara ɗaya a matsayin amin. Matsalar ita ce hutun ba shi da ma'auni. Wata rana numfashi biyu ne, wata rana sai ya gaisa da mai wucewa, ya tambayi lafiyar yara har da ta awaki. Mu kuwa muna cikin gidaje da kofin kunu a hannu, mun kasa kurɓa, muna jiran na bakwai.

Babu wanda hutun nan ke ƙona wa rai kamar matarsa Mairamu. Shekara ashirin tana faɗa masa magana ɗaya: "Baban Janet, shi Ubangiji sama da ƙasa ya yi kafin ya huta. Kai me ka yi?" Shi kuma sai ya yi murmushi, gobe ya ƙara tsawon hutun.

A ƙarshen Oktoban 2014 masu bindiga suka shigo Mubi. Mairamu tana gona wajen Mayo Bani tare da matan zumunta suna cirar gyaɗa, wayarta kuma tana gida. Vandi ya nufi gonar aka taro shi, aka ce hanyar ba ta biyuwa. Kowa ya suri abin da hannunsa ya kai, wani bargo, wata tukunya, ni takardun makaranta na ɗauka. Vandi ya wuce buhun garin masara a bakin ƙofarsa, ya je ya kwance wili ya ɗora a ka.

Mun zage shi a hanya, ni ma ina ciki, ba zan ɓoye ba. Muna hawan duwatsu zuwa Kamaru cikin sanɗa, shi kuwa duk reshen da ya taɓa ƙarfen sai ya yi ƙara. Sai da maƙwabcinsa Bakari mai shayi ya tuɓe babbar rigarsa ya naɗe wilin. Aka tambayi Vandi dalili, ya ce kayan Ubangiji ne. Bakari ya ce to ai masarar ma Ubangiji ne ya yi ta.

A ƙauyen farko da muka sauka bayan iyaka, wilin ya rufe mana baki. Babu murhu, sai aka kwantar da shi, aka zuba wuta a ciki, aka ɗora tukunya. Da rana murhu ne, da safe kuma Vandi ya kakkaɓe toka, ya rataye shi ya buga kira zuwa addu'a, shida da hutu da ɗaya. Mutane suka yi ta isowa daga daji, iyalai suna haɗuwa. Mairamu ba ta zo ba.

Bayan mako biyu labarai marasa daɗi suka fara zuwa game da matan da ke gona ranar. Fasto Zacharia ya zaunar da Vandi, ya kawo maganar a yi addu'ar ta'aziyya. Ban taɓa ganin Vandi ya musa wa fasto ba sai ranar. Ya ce shi bai ga kabari ba, kuma Allahn da ya ba shi mace mai faɗa irin wannan ba zai ɗauke ta ba sallama ba. Muka yi dariya, amma tausayinsa ya kama ni har na kasa cin abinci.

Washegari ya ɗauki wilinsa ya ce zai bi ƙauyuka. Bakari ya bi shi, wai shi ba Vandi yake bi ba, murhunsa yake bi. Sauran labarin daga bakin Bakari na ji. Kullum yawan ƙauyukan ƙaruwa yake yi a bakinsa, amma tara ya fara faɗa mana. Duk inda suka sauka, Bakari ya yi sallar asuba ya dafa shayi, Vandi ya jira wilin ya huce, ya rataye ya buga. Wasu suka ɗauka mahaukaci ne, wasu suka ɗauka kiran rabon abinci ne suka fito da kwanuka. A wani ƙauye har tsofaffi suka roƙe shi ya sayar musu da wilin. Ƙafafunsa suka kumbura, gashin tsakiyar kansa ya zube saboda dako, bai fasa ko safiya ɗaya ba.

A ƙauye na tara, mako biyar ke nan da fita Mubi, ya buga shida ya tsaya. Bakari ya ce ya jira na bakwai har shayi ya yi sanyi. Da ya ɗaga kai sai ya ga Vandi ya jingina goshi da itacen yana kuka, guduma tana lilo a hannunsa. Ƙarfinsa ya ƙare, addu'ar ma ta ƙi fita.

Sai wata mata ta hauro daga bakin rafi, babu takalmi, ta rame, zaninta ya jiƙe don ta yar da tulu a hanya. Ta tsaya a bayansa tana haki.

"Baban Janet," in ji ta, "ka buga na bakwai ɗin, mutane suna jira."

Vandi bai iya juyowa ba. Mairamu ta karɓi gudumar daga hannunsa ta buga da kanta, sannan ta zauna a ƙasa ta riƙe ƙafarsa mai kumburi, su biyu suna kuka. Bakari ya rantse cewa da ta share hawaye, tambayarta ta farko ita ce ina garin masara.

Mun koma Mubi mun tarar an ƙone cocin, muka sake gina shi, yanzu har da lasifika. Wilin yana nan a reshensa. Bara hannun Vandi na dama ya shanye, sai Mairamu ta karɓi aikin. Na zaci unguwa ta huta da jira. Tana buga shida, sai ta tsaya, ta waiwaya ta dubi inda yake zaune a kan benci, ba ta ɗaga guduma sai ya ce amin.