Gaisuwar Inna Lami a Bakin Ƙofa

"Ai ni ban taɓa buɗe baki na ce wa babba ba ya shiga ba," in ji Inna Lami. "Ka tambayi Sista Rahila."

"Amma kuma ba sa shiga, Inna."

"Ba sa shiga mana! Ta ina za su bi? Ta kaina?"

Ta yi dariya har tana dafa gwiwa. Safiyar Juma'a ce, muna zaune a benci ƙarƙashin darbejiya, a harabar ƙaramin asibitin da take aiki a Wudil. Motocin shanu sai wucewa suke zuwa kasuwa. Kusa da ƙafarta akwai shuɗiyar buta, da tasa, da sabulu a ɗan murfin roba. Butar nan ba a alwala da ita, ba a shiga bayi da ita, babu mai riƙe ta sai ita.

Inna Lami maƙwabciyarmu ce. Tun ina yaro nake ganin fitarta da sassafe, amma sai kwanan nan na nemi ta ba ni labarin aikinta. A Ɗankaza aka haife ta. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, ƙanensa Baffa Maikano, dillalin shanu, ya ɗauke ta ya haɗa da 'ya'yansa. Sunanta na yanka Zahra'u, sunan mahaifiyarsa ke nan, don haka bai taɓa kiranta Lami ba. Uwata yake ce mata. Shi ya sa ta a firamare, shi ya aurar da ita ga wani tela a Wudil, kuma da aka ce asibiti na neman masu shara, shi ya ce ta je, aikin taimakon marasa lafiya ba abin kunya ba ne.

Ta daɗe tana shara da goge-goge kafin a mayar da ita kula da ƙofar ɗakin kwantar da marasa lafiya. A nan ta haɗu da Sista Rahila, wata nas 'yar jihar Gombe wadda mijinta ke koyarwa a jami'a. Ita aka ɗora wa koya wa ma'aikata yadda ake kare kai da marasa lafiya daga ɗaukar cuta.

"Ranar farko ba ta yi mana dogon Turanci ba," in ji Inna Lami. "Garin shuni ta shafa wa mutum ɗaya a tafin hannu, ta ce kowa ya gaisa da na kusa da shi, maza da maza, mata da mata, ana miƙa wa juna kofi da biro. Can ta ce mu dubi juna. Wallahi har a hancin mai gadi akwai shuni. Ni a bakin mayafina na gan shi. Ta ce to haka cuta take yawo, sai dai ita ba ta da launi."

Daga Sista Rahila ta koyi cewa ba a tsoma hannu a kwano ɗaya kamar yadda muke yi kafin cin tuwo. Dole ruwa ya zuba ya wuce, da sabulu, har tsakanin yatsu. Ta koyi sa safar hannu da cire ta, da inda ake jefa allura, da dalilin da ya sa ba a barin jama'a su cika ɗaki. Aka kafa bokiti mai famfo a bakin ƙofa, aka manna hoton hannaye a bango.

"Ba mai kallon bokitin nan," ta ce. "Ka san mutanenmu da dubiya. Mota guda za a ciko daga Darki ko Dagumawa, da kwanukan kunu da fura. Dattijo da babbar riga za ka ce wa tsaya ka wanke hannu? Cewa zai yi ka kira shi ƙazami. Wata abokiyar aikina ta gwada, da kuka ta koma gida."

Sai Inna Lami ta tuna da gidan Baffanta. In zai ci abinci, ita ce ke durƙusawa ta zuba masa ruwa ya wanke hannu, kuma babu wanda ya taɓa ɗaukar wannan a matsayin raini. Ta sayi buta. In ta hango ayari, sai ta zube a tsakiyar ƙofa ta fara gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya mai jiki, ya hanya, ya aka ji da damina, ina wajen su wane. Dattijon kirki ba ya tsallake macen da ta durƙusa tana gaishe shi. Dole ya tsaya ya amsa, na bayansa ma su tsaya. Kafin gaisuwa ta ƙare ta tura tasa gabansa ta ɗaga buta.

"Sai in ce, Baba, ga ruwa, an sha hanya. Sai ka ga ya naɗe hannun riga da kansa. In ya wanke, wa ya isa a bayansa ya ƙi? Yana wankewa ina faɗa masa a hankali, likita ya ce bibbiyu ake shiga, Baba ya zaɓi wanda zai raka shi. Ka ga na bar masa girmansa, shi ke zaɓe."

Sista Rahila ta gyara mata abu ɗaya: kada kowa ya taɓa butar sai ita, ruwan tasa kuma a zubar da shi a inda aka tanada. Da masu duba asibitoci suka zo daga Kano, sun tsaya sun kalli yadda take yi, suka yi tambayoyi, suka ce a ci gaba amma kada a cire bokitin. Tun daga nan duk sabon ma'aikaci sai ya zauna da Sista Rahila ya ga shuni, sannan ya tsaya da Inna Lami ya ga buta.

Na ce, "Ba wanda ya taɓa gane dabarar?"

Ta juya murfin sabulu.

"Mutum ɗaya. Wanda na koya a gidansa."

A daminar bara aka yi fama da amai da gudawa. Aka ware ɗaki guda, aka ce mai kula ɗaya tak ga kowane mara lafiya, babu dubiya, babu shigar da kwano daga waje. Cikin waɗanda aka kawo har da Bilya, autan Baffa Maikano, wanda Inna Lami ta goya a bayanta. Washegari sai ga Baffa da mutanen Ɗankaza.

"Na zube na fara. Ya amsa ta farko, ya amsa ta biyu. Da na kai ga tambayar shanu sai ya ce, Uwata, tashi in wuce. Na ce Baffa ya mutanen gida. Ya ce na ce ki tashi. Na ce Baffa wannan ɗakin ba a shiga, amma akwai taga ta baya, gadon Bilya na jikinta, za ku ga juna ku yi magana."

"Me ya ce?"

"Cewa ya yi, ni ɓarawo ne da zan gaida ɗana ta taga? A gaban mutanensa fa. Amma ban tashi ba. Na san abin da ke cikin ɗakin nan, da hannuna nake kwashe shi. Gidan Baffa cike yake da jikoki, randa ɗaya suke sha. Ya daɗe yana kallona. Sai ya ce, to ma'aikaciya, riƙe ƙofarki, ni ma zan riƙe tawa. Ya juya, aka kwashe kwanuka."

Bilya ya warke. Cutar ba ta shiga gidan ba, ko da yake Inna Lami ba ta yarda a ce ita ta hana. "Allah ne ya tsare," in ji ta, "ni ƙofa kawai na tsare." Da Sallah ta je Ɗankaza ta durƙusa a zaure. Baffa ya ce lafiya, ya ci gaba da sauraron rediyo. Tuwon da ta kai, yara aka ba. Babbar Sallah ma haka. Tun ranar ba ta sake jin Uwata daga bakinsa ba. In ya zama dole ya ambace ta, ma'aikaciya yake cewa.

"Ban yi nadama ba," ta ce. "Amma mutumin nan shi ne ubana. Ya tsufa. Ba na so ɗayanmu ya tafi a haka."

Sai a lokacin ta gaya mini abin da ya sa take yawan duban bakin titi tun da muka zauna. Murja, matar Bilya, ta haihu shekaranjiya, bakwaini, namiji. Yana ɗakin jarirai, inda dokar ta fi tsanani: mutum ɗaya, da takunkumin rufe baki da hanci, ba ɗauka. Yau kuma Juma'a, Baffa ba ya fashin kasuwar Wudil.

"Sista Rahila ta ce in koma wani ɗakin yau, a sa wata a ƙofar. Na ce a'a. In wata ta tare shi, zagi za ta sha ba laifinta. In kuma ta ji nauyinsa ta bar shi, yaron nan ko kazar kirki bai kai nauyi ba."

Ba mu daɗe ba wata tsohuwar mota ta tsaya a bakin asibitin. Dogon dattijo ya fito da sanda da farar babbar riga, mutane na biye da shi, wata mata ɗauke da kwano a ka. Inna Lami ta ɗauki buta da tasa. Ban ga ta yi sauri ba, amma ta riga su isa ƙofar ɗakin jarirai. Ta zube.

"Baffa ina kwana."

"Lafiya."

"Ina gajiya. An zo lafiya? Ya mutanen gida? Barka da arziki, Allah ya raya."

"Amin."

"Ya kasuwa? Ya shanu?"

Ya dogara da sandarsa yana kallonta. Wata nas da ta fito da tire ta ja da baya ta tsaya.

"Saura damina," in ji Baffa Maikano. "Ba ki tambayi damina ba. Ko an rage muku gaisuwar ne bana?"

Wani a baya ya tuntsire da dariya, ya yi maza ya rufe baki. Inna Lami ba ta ɗago ba.

"Ya aka ji da damina, Baffa?"

"Da godiya. Yau ma ta taga ce?"

"A'a Baffa. Yau ta ƙofa ce. Amma kai kaɗai, kuma da takunkumi. Ba a ɗaukarsa tukuna, sai ya yi ƙwari."

"Tofi fa? Jikan nawa ba zan tofa masa addu'a ba?"

"A yi addu'ar, Baffa. Tofin a ajiye masa sai ya zo gida."

Ya yi ƙwafa. Ya dubi ƙofar, ya dubi butar. Sannan ya miƙa wa na kusa da shi sandar, ya tattare hannun babbar riga ya saɓa a kafaɗa, ya sunkuya ya miƙa hannuwansa a kan tasa.

"Bilya ya ce mini ke kika riƙa juya shi kina wanke shi, ya kasa ko ɗaga kai," ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Zuba, Uwata. Kada ki cika sabulun nan, ƙamshinsa hawar mini kai yake."

Ruwan ya ɗan kauce wa hannunsa da farko. Ta gyara riƙo. Ya cuɗa tafi da baya.

"Tsakanin yatsu, Baffa."

"Ji mini yarinya! Ina wanke hannu tun ba a haifi ubanki ba."

"Ai shi ne yayanka, Baffa."

"To tun ba a haife ki ba." Ya cuɗa tsakanin yatsun. Ya juya ga mutanensa. "Ku kuma me kuke jira? Ku koma inuwa. Mai kwano, kai shi mota. Ba ku ji doka ba ne?"

Ta ɗaura masa takunkumi da hannunta, yana gunaguni gemunsa ya matse. Ta raka shi ciki. Da suka fito idanunsa sun yi ja, ya ce zafin ɗakin ne. Ya karɓi sandarsa, ya ce ranar suna ta zo da wuri, tuwon gidan ba mai iya tuƙa shi yadda yake so. Ya nufi mota, kada kasuwa ta ci ba shi.

Inna Lami ta zubar da ruwan tasa, ta wanke nata hannun, ta share fuska da gefen mayafi. Na matso kusa da ita.

Daga can ƙarshen baranda Sista Rahila ta leƙo, riƙe da ƙullin shuni.

"Maman buta! Sababbin ma'aikata sun gaji da jira. Ko sai na zo na durƙusa miki?"

"Gwiwarki ba za ta iya ba, Sista. Ga ni nan."

Ta ce wa abokiyar aikinta ta kula mata da ƙofa. Ta cika butar a famfo, ta kife tasa a hammata.

"Ka gaida mutanen gida," ta ce mini, ta bi baranda tana gyara ɗaurin ɗankwali.