Shekara Ashirin da Huɗu Ban Kira Sunan Ɗana Ba

Ni direban kamiyo ne, babbar motar kaya, a wancan lokacin, Kwatano zuwa Gaya, Gaya zuwa Yamai. A aji biyar na bar lakol, don haka ku yi haƙuri da rubutuna. Mutum ne ni mai zafin rai, kuma taƙamata ita ce ba a taɓa kwana da yunwa a gidana ba. A ganina iyakar aikin uba ke nan.

Ɗana na fari namiji ne. A gidanmu ana kunyar ɗan fari: ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa gaban mutane, ba ka yabonsa. Haka ubana ya yi wa yayana, ni ma na bi. Abin da ban lura ba, su kullum suna gona tare, ga kakanni masu shagwaɓa yaro. Ni kuwa sai in yi kwana ashirin a hanya, kakanni suna can ƙauye wajen Karakara. In na dawo, ƙannensa su haye cinyata in raba musu abarba, shi kuma in ce kai, kawo buta. Ranar da ya ci jarrabawar bak ta gama sakandare ya zo har tasha da takardar, yana haki. Direbobi na zaune ana shayi. Wallahi ƙirjina kamar ya fashe don murna, amma na kau da kai na ce ya kai wa uwarsa.

Bayan ya gama karatu a Yamai ya dawo gida ya shige ɗaki. Ba ci, ba wanka, ba magana. Na ce lalaci ne. An yi rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Uwarsa ta matsa muka kai shi asibiti a Doso, wajen wata likitar masu damuwa, yarinya sa'ar 'ya'yana. Ina jiran ta rubuta allura, sai ta tambaye ni yaushe rabona da in yi hira da shi wadda ba aike ba. Raina ya ɓaci, na ce boko ya hana ta sanin al'ada. Ta ce ita ma 'yar fari ce, kuma ba ta ce ni kaɗai na jawo ciwon ba, amma masu binciken halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa yaron da ya tashi bai tabbata ana sonsa ba, da wannan nauyin yake girma. Sannan, da izininsa, ta gaya mini cewa tun yana ƙarami ya ɗauka ina shakkar ko ni na haife shi. Ta nemi mu dawo tare bayan mako biyu. Ranar da za mu koma na ɗauki lodi na tafi Kwatano. Ko da na dawo, ya ƙetare gadar iyaka daga nan Gaya zuwa Malanbil wajen kawunsa mai sayar da albasa.

Yanzu ciwon baya ya sauke ni daga mota, amma zama ya gagare ni. In tashi in je bakin gada, in tsaya ina duban masu kabu-kabu, in dawo, in sake fita. Waɗancan 'yan shayin su ne yau ke cewa na cika taurin kai, alhali da na rungume shi a ranar, su za su fara yi mini dariya. An ce yana shan magani, ya samu sauƙi. Watan jiya na kira shi a salula, na buɗe baki na faɗi sunansa, karo na farko. Sai ya tambaye ni wa ya rasu. Na ce ba kowa. Ya ce to, yana da masu ciniki.

Ban ce a zubar da al'ada ba. Amma yaro bai san kunya kake yi ba, abin da ya gani shi ya sani. Kai mai ɗan fari, in bakinka ya yi nauyi gaban jama'a, ja shi gefe ka kira shi da sunansa tun yau, kada ranar da ka kira ya ɗauka mutuwa aka yi.