Tsohuwar da Muka Bari Cikin Rumbu

Dada, kakarmu ta wajen uba, ba ta ƙarasa tatsuniya, kuma wannan halin nata ya sha ba ni haushi. A gidanmu na Pantami, da an yi magariba an ci tuwo, sai mu kewaye murhun da take dafa madara a kai, mu bakwai har da Rahila 'yar maƙwabtanmu. Ta ɗauko labari, ta kai shi inda ya fi daɗi, sai ta ja bakinta ta tsuke.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na maginin da ya gina wa uwarsa rumbu. Ya ƙawata shi, ya yi masa matakala daga ƙasa har bakinsa can sama. Ya hau ya leƙa, ya ce madalla, ya tafi fatauci. Tsohuwa ta hau ta dira ciki ɗibar gero. Da ta zo fita, babu matakala ta ciki. Ɗan nata bai taɓa shiga ba, leƙawa kawai ya yi.

"To, ga ta can ciki," in ji Dada. "Ku fito min da ita."

Muka kaure da gardama. Yayana ya ce a fasa rumbun, Rahila ta ce geron kuma fa? Wani ya ce laifin tsohuwar ne, wa ya aike ta. Ni kuwa kuka nake son yi, don ji nake ni ce cikin duhun, ƙaiƙayi na cin jikina. Na roƙi Dada ta faɗa mana, ta ce wallahi ita ma ba ta sani ba, ta ci gaba da juya madararta. Kwana uku muna abu ɗaya, ba mu fito da ita ba, aka shiga wata tatsuniyar.

Bana, da girmana da 'ya'yana biyu, na shiga makarantar koyon kwamfuta a Tumfure, muna koyon tsara manhajar waya yadda mai amfani da ita ba zai sha wahala ba. Malaminmu kujerar baya yake zama, ɗalibai ke jan tattaunawa. Ranar da za a gwada aikinka, wanda bai taɓa ganinsa ba ake miƙa wa, kai kuma ka yi shiru har a gama. Doka ce.

Tawa manhajar ta kama layin ganin likita ce daga gida. Wata uku ina kanta, ina ji da ita ba kaɗan ba. Hauwa, mai jan ajin a ranar, ta zo da gwaggonta, dattijuwa mai hawan jini da ke sammakon asibiti duk wata. Gwaggo ta danna Juma'a, alhali Alhamis take so. Ta nemi hanyar komawa baya, babu. Ban sa ba, don ni ban taɓa kuskure a wurin ba, na san hanya.

Ta danna nan, ta danna can, ta goge fuskar wayar da bakin mayafinta. Magana ta zo min har maƙogwaro, Hauwa ta harare ni, na haɗiye. Kunya ta rufe ni. Hauwa ta tambayi aji abin da suka gani. Wannan ya ce a sa maɓallin komawa, wancan ya ce ai da Gwaggo ta lura kafin ta danna.

Na daɗe ina zaton rowar labari Dada take mana. A ajin nan na gane so take mu daɗe a ciki tare da tsohuwar, har mu ji abin da magini bai tsaya ya ji ba. Amma duk gardamarmu, ba wanda ya taɓa tambayar me tsohuwar ke ce wa kanta a ciki.

Gwaggo ta miƙo min wayar da hannu biyu, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ki yi haƙuri, 'yata, na ɓata miki abinki. Kan nawa ne ba ya ja, ban yi boko ba."