Malam Pindar Dzarma, Mai Ban Ruwan Ƙarfe

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Pindar a shekarar 1946 a garin Marama. Sunan mahaifinsa Dzarma, mahaifiyarsa kuwa Rhoda. Yana firamare aradu ta kashe yayarsa Turai a gona, kuma wannan rashi ne ya zama silar karatunsa na kimiyya, wanda ya kammala a 1972.

Aiki da Aure

A wannan shekarar aka tura shi koyarwa a wata sakandaren 'yan mata da ke Gomari, Maiduguri. A 1974 ya auri Dorothy, suka zauna a unguwar Moduganari. Ɗalibansa sun shaida cewa ko darasin mene ne, ƙarshensa jan ƙarfe: laushinsa wajen ƙira, miƙuwarsa ta zama waya, da yadda azurfa kaɗai ta fi shi ɗaukar lantarki.

Sandar Jan Ƙarfe

A 1978 ya kafa tsinin jan ƙarfe bisa rufin ɗakin cin abinci, ya sauko da waya zuwa wata sanda da ya binne cikin gawayi da gishiri, domin in aradu ta faɗo ta wuce ƙasa. Da yake busasshen yashi ba ya karɓar wutar lantarki sosai, sai ya dinga yi wa sandar ban ruwa. Abokan aiki kan tsokane shi: "Malam, yaushe shukar za ta yi 'ya'ya?"

A 1985 wayar ta yi kore, hukumar makaranta ta ɗauka ruɓewa ta yi, ta nemi a cire. Ya kafe: "Ai wannan koren rigar jan ƙarfe ce, shi ke hana cikinsa lalacewa." Aka ƙyale shi don an gaji da musu.

A watan Agustan 1991, ɗalibai na tsakiyar cin abincin rana, aradu ta faɗo kan rufin. Tsinin ya yi baƙi ƙirin, amma ba wadda ko ƙwarzane ta samu. Daga ranar, ɗaliban suka karɓi bokitin ban ruwan daga hannunsa.

Rasuwa

Ya rasu a Afrilun 1998 bayan gajeriyar jinya, aka binne shi a Marama kusa da kabarin yayarsa Turai. Muna alfahari da shi. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Alfred, Thomas, da Edith, wadda ke cikin ɗakin nan ranar da aradun ta faɗo.