Shekarar da Burtuntuna Ta Ci Dawata

Bayan rasuwar mahaifinmu, ni da ƙanena muka raba gandu. Akwai zangarniyar farfara rataye a saman murhun Inna, irin da tsohon ya zaɓa da hannunsa. Ba za ta isa gona biyu ba, sai Inna ta ba ƙanena. Na kora jaki zuwa kasuwar Maska, na samo iri a wurin wasu fatake.

Da damina ta kankama, dawata ta fi ta ƙanena tsayi, har nakan tsaya a bakin hanya don masu wucewa su yaba. Da ta fid da kai ta fara nuna, na kama zangarniya ɗaya na murza. Ba ƙwaya, sai baƙin gari kamar na gindin tukunya. Burtuntuna ce, ta bi gonar kusan duka. Gamba kawai ta raba gonata da ta ƙanena, amma tasa fara tas, ta sunkuya don nauyi.

Ɗan abin da muka samu, matata ta sussuka, ta sheƙe, ta wanke, duk da haka tuwon ya fito toka-toka yana warin ƙura. 'Yata ta fara sulalewa gidan baffanta lokacin cin abinci. Wata rana ta dawo tana lashe hannu, ta ce, “Baba, tuwon gidan Baffa kamar auduga.” Na ture akushi, na fita.

Na sami Inna tana kaɗi. Na ce, “Inna, da kin raba mana ko rabi-rabi ne.”

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, “Kai ne babba. Na ɗauka za ka iya.”

Bayan girbi ƙanena ya shigo da dami a ka, ya sauke, ya durƙusa. “Yaya, ga wannan, a ajiye na iri.” Na dubi fuskarsa ina neman alamar dariya, ban gani ba, wannan ya ƙara ƙona mini rai. Na karɓa, don ba ni da wani.

Na ƙone karan gonata ƙurmus, da ruwa ya sauka na shuka nasa. Dawa ta yi kyau, rumbuna ya cika. Amma duk wanda ya zo roƙon iri, har daga Kafur, sai ya ce, “A sam mini irin nan na ƙanenka.” Nakan ɗebo in ba su. Har yau in na ji haka, sai na haɗiye wani abu mai ɗaci kafin in amsa.