Corinne, da Littafin da Ba Zan Ba Su Ba

Ranar Talata, 12 ga Agusta, da hantsi, 'yata Corinne ta rasu a gidanta da ke Berridale, tana da shekara arba'in da huɗu, bayan doguwar jinya. Ni, Noelene, da na haife ta, ni zan faɗi ko wacece ita, tun kafin masu ƙulla lakatayi a wuya su riga ni.

Corinne, shekara goma sha ɗaya kika yi kina hawa dutse cikin hunturu don ki ɗebo ƙurar da ido ba ya gani. Kin ce mini ruwan gajimare ba ya zama ƙanƙara sai ya sami 'yar ƙwaya da zai kama, ku kuma aikinku ƙirga ƙwayoyin nan. Na ce, "Duk karatun naki a shara ya ƙare?" Kika ce, "Mama, ke kina kore ta, ni ina kai mata ziyara."

Dokarki ɗaya ce. Babur ɗin kan ƙanƙara a can ƙasa ake kashe shi, inda iska ba za ta kai hayaƙinsa wurin matatar da ke tara ƙurar ba, a ƙarasa da ƙafa. Ko ranar da gwiwarki ta kumbura haka kika taka. In kin sauko kuma, sai kin biya ta gidan wata tsohuwa, Beryl, kin fasa mata itacen murhu kafin ki sha shayi.

Sai ga Dakta Fenwick, shugaban aikin, ya hau da masu ɗaukar hoto. Mutum mai digiri uku, amma tafiyar minti goma ta gagare shi. Ya kai babur har gindin bututun da ke zuƙar iska, ya bar injin a kunne don hannunsa kada ya yi sanyi. Kika ce a zubar da abin da aka tara a makon, don hayaƙi ya gurɓata shi. Shi kuwa yawan ƙwayoyin da aka ƙirga ya yi masa daɗi, yana so ya buga a mujallar bincike. Kika ƙi sa hannu. Daga nan ya bi ofisoshi yana cewa ke ce mai sakaci, aka ƙi sabunta aikinki. Abokan aikinki, waɗanda suka sha cinye gasasshen ragonki, kowa ya sunkuyar da kai. Ragwaye. Ban taɓa ganin ilimi mai arha irin nasu ba.

Jiya Dakta Fenwick ya zo da furanni. Ya ce, "Mama, Corinne tamkar ƙanwata ce. Littafin aikinta fa, ki ba mu, za mu adana mata shi."

Na ce, "Ban haife ka ba, Dakta. Ka kashe motarka, hayaƙi na shigo mini gida."

A littafin nan kaɗai aka rubuta abin da ya faru ranar, da awa da minti, da hannunki. Na miƙa shi ga kwamitin binciken jami'ar da kika yi wa aiki, na kuma ajiye kwafi don 'ya'yanki su karanta. Ba za su girma suna jin uwarsu mai sakaci ce ba.

Allah ya jiƙanki, 'yata, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutu. Dougal, mijinta, da jikokina Isla da Rory, Allah ya ba ku haƙuri. Jana'iza ranar Litinin ce. Wanda ya yi shiru lokacin da take buƙatar ko mutum ɗaya ya tsaya mata, ya zo in yana so, amma ba zai yi jawabi ba.